Tsakanin Sammacin Kotu Da Aikin Dare

Akwai kira iri biyu waɗanda mutumin kirki ba ya toshe kunnensa gare su. Ɗaya shi ne kiran majinyaci cikin dare, ɗayan kuwa kiran alƙali a zo a faɗi abin da ido ya gani. Galibin mutane sukan yi zamansu har su tsufa kiran nan biyu ba su taɓa haɗe musu a rana ɗaya ba. Amma ma'aikatan jinya, waɗanda jama'a ke kira nas ko malaman asibiti, su kam abin yakan haɗe musu, domin duk wanda aka sara, ko aka soka, ko mota ta buge, hannunsu yake fara faɗawa kafin ya ga likita. In magana ta kai gaban shari'a kuwa, su ake nema. Abin da ya sami wata ma'aikaciyar jinya 'yar Ngojin, cikin ƙasar Potiskum ta Jihar Yobe, ya isa misali.

A wasu ƙasashe matsalar takan zo ta wata fuska. A Ingila da Amurka akan kirawo mutanen gari su zauna su saurari shari'a, su ne za su ce wanda ake tuhuma ya yi laifi ko bai yi ba. Tsarin da Turawa ke kira juri ke nan. A Ingila mutum 12 ke zama, a Gana kuwa mutum 7 a shari'ar kisan kai. Da can likitoci da ma'aikatan jinya na Ingila suna da ikon su ce a ɗauke musu wannan aiki, sai wata doka ta 2003, wadda ta fara aiki a 2004, ta soke rangwamen. Duk da haka an bar musu ƙofa, domin wanda kiran ya zo masa a mugun lokaci yana iya roƙo a ɗage masa sau ɗaya zuwa wani lokaci cikin wata 12, wajibi ne kuma a sake shi daga wurin aiki ya je. A Nijeriya an taɓa yin irin wannan tsari a Legas tun zamanin Turawa, amma an daina tuntuni. A Arewa, dokokin shari'ar laifuka da suka fara aiki a 1960 sun bar hukunci a hannun alƙali. Saboda haka hanyar da ke kai ma'aikaciyar jinya kotu a ƙasar nan ita ce sammacin shaida. Shi kuwa sammaci ba ya tambayar mutum ko ya kwana a tsaye, kuma wanda ya ƙi zuwa ba da wani dalili ba, kotu tana da ikon ta sa a kamo shi.

Ita wannan baiwar Allah a Ngojin aka haife ta, cikin mazaɓar Ngojin da Alaraba, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Potiskum. Mahaifinta manomi ne, gero da dawa da wake su ne dukiyarsa. Shi ya tsaya tsayin daka har ta je Damaturu ta shiga Kwalejin Koyon Jinya da Unguwarzoma ta Shehu Sule, ta fito da takardar shaida daga Hukumar Ma'aikatan Jinya da Unguwarzoma ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979. Aka tura ta aiki wani asibiti a yankin, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku. A gari Sista ake kiranta, a gida kuwa tana nan 'yar gidan ubanta.

Wanda ya san Potiskum ya san asibitocin ƙasar ba su hutawa. Gari ne na mararraba a kan babbar hanyar da ta taso daga Kano zuwa Maiduguri, ga manyan motoci dare da rana, ga kasuwar shanu wadda tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Ma'aikatan jinyar wannan yanki su ne suka tarbi waɗanda aka jikkata a harin kasuwar shanu na watan Mayu 2012, da na makarantar Mamudo na Yuli 2013, da na makarantar kimiyya ta Potiskum na Nuwamba 2014. Ƙura ta lafa, amma hannuwa ba su ƙaru yadda ya kamata ba. Ba a Yobe kaɗai ba ne: a 2024 hukumar ma'aikatan jinya ta ƙasa ta bayyana cewa kimanin ma'aikata 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara uku. Waɗanda suka rage su ke raba aikin waɗanda suka tafi.

A asibitin da take, aiki kashi uku ne: na safe daga ƙarfe 8 zuwa 2, na yamma daga 2 zuwa 9, na dare daga 9 har 8 na safe. Wadda dare ya faɗo wa takan yi kwana bakwai a jere, sa'an nan ta huta. Su biyu ne rak ke kwana a ɗakin maza, kuma su ne masu tarbar duk wanda aka kawo cikin gaggawa.

Wani dare cikin kaka, bayan an gama yankan gero, aka kawo wani magidanci hannunsa naɗe da rawani jina-jina. Rigima ce ta harawar wake tsakaninsa da wani saurayi maƙwabcin gonarsa, dukansu kuwa daga wani ƙauye ne kusa da Ngojin. Ta wanke ciwon, ta tsayar da jinin, aka ɗinke. Da ta sami sarari ta ɗauki littafin ɗaki ta rubuta abin da aka koya mata ta rubuta: an kawo shi ƙarfe 11 da minti 40, ya shigo da ƙafarsa, yana cikin hayyacinsa, sara ɗaya ne a damtsen hagu, tsawonsa kamar santimita 10, babu rauni a kai. Ta sa hannu. Da safe likita ya duba shi, ya rubuta rahotonsa ga 'yan sanda. Bayan kwana biyu aka sallame shi, ita kuwa ta manta da zancen, domin a bayansa ta tarbi ɗaruruwa.

Wata bakwai bayan haka, damina ta kankama, zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa sun cika gadaje har wasu na kwana a tabarma, sai ga masinjan kotu da sammaci. Ashe magana ta yi tsamari. Dangin magidancin sun ce a ka aka sare shi, a sume aka kai shi asibiti. Lauyan saurayin ya ce bai yarda ba. Dokar hukunta laifuka ta Arewa kuwa ta bambanta tsakanin rauni da mummunan rauni, hukuncinsu ma ba ɗaya ba ne. Likitan da ya rubuta rahoton ya ajiye aiki ya tafi Saudiyya. Saura littafin ɗaki da mai hannun da ya rubuta shi. Shi kuwa saurayin tun ranar da aka kama shi yana gidan yari yana jiran shari'a, don bai sami mai tsaya masa ba.

Ranar da aka sa mata ta faɗa a daren aikinta na biyar. Ta kai takardar wurin shugabar ma'aikatan jinya, wata dattijuwa da ta kusa ajiye aiki, ta ce, "Hajiya, ga abin da ya same ni. Ƙarfe 9 na safe ake nemana, ni kuwa ƙarfe 8 nake tashi, da dare kuma in dawo."

Dattijuwar ta daɗe tana duban jadawalin aiki da ke manne a bango, sa'an nan ta ce, "'Yata, kotu ba a ƙi mata. Amma dubi nan da idonki. Ɗaya tana hutun haihuwa, ɗaya tana karatu, ɗaya ita kanta tana kwance. Wa zan sa a madadinki? Ki je, wataƙila a sallame ki da wuri ki sami abin da kika samu na barci."

Ta je. Ta miƙa aiki ƙarfe 8, ta wanke fuska a famfon asibiti, ta hau Keke Napep da littafin a jaka. Ta zauna a benci tun ƙarfe 9 tana gyangyaɗi, ana kiran ƙararraki ɗaya bayan ɗaya, har aka yi kiran sallar azahar. Sai a sa'an nan aka ce motar da ke kawo masu jiran shari'a ba ta zo ba, an ɗage zuwa mako uku. Ta isa gida yara sun dawo daga makaranta, ga girki, ga wanki. Barcin da ta yi a ranar bai kai sa'a biyu ba.

Hausawa sun ce barci ɓarawo ne. Wajen ƙarfe 3 na wannan dare ta tsaya a kan katin wani yaro za ta ɗebi allura, ta karanta layi ɗaya sau uku ba ta iya riƙe adadin a kanta ba. Ta ajiye sirinjin, ta kirawo abokiyar aikinta suka karanta tare. Da suka juya kuma sai suka tarar ruwan da ake ƙara wa wani tsoho ya ƙare tun ɗazu, jini ya fara hawowa cikin robar. Allah ya kiyaye, ba abin da ya sami kowa. Amma hankalinta ya tashi ƙwarai, domin ta san abin da jiki ke yi wa mai shi in an hana shi haƙƙinsa. A 1997 wasu masana a Ostareliya sun gwada mutane, suka ga wanda ya yi sa'a 24 bai runtsa ba, idonsa da hannunsa sukan yi rauni kamar na wanda ya sha giya har ya wuce iyakar da doka ta yarda a tuƙa mota. Ba wanda zai yarda irin wannan mutum ya tuƙa shi zuwa Damaturu, amma ga shi an bar masa allura da ɗaki cike da marasa lafiya.

Zama na biyu ya zo ranar hutunta, ta ce alhamdu lillahi. Ta wuni a benci, aka ce ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya tafi kwas. Zama na uku ya sake faɗawa cikin makon dare. Wannan karon ba ta yarda ta maimaita na farko ba, sai ta roƙi wata abokiyar aikinta mai goyo ta riƙe mata dare uku, a kan za ta biya ta. Ita mai goyon ta kai jaririnta wurin kakarsa ta zo ta kwana. Da Sista ta isa kotu aka ce yau ba zama. Kuɗin mota na zuwa uku daga aljihunta ya fita, ba wanda ya tambaye ta, ita ma ba ta san wa za ta tambaya ba.

Ana cikin haka kuma sai ga wani nauyin daga gida. Dangin magidancin sun je gaida mahaifinta a Ngojin, dangin saurayin ma sun je, kowa da abin da yake so a tuna da abin da yake so a manta. Wata Juma'a ta shirya ta tafi. Ta sami tsohon a zaure yana gyaran ƙotar fartanya, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, na gaji. Ga aiki, ga yara, ga mutanen nan. In na je na ce abin ya daɗe na manta, ai shi ke nan, a rabu da ni."

Tsohon bai ɗaga kai ba, ya ce, "Kin manta ɗin?"

Ta ce, "A'a, Baba. Yana rubuce."

Ya ce, "To, 'yar nan, ni ban kai ki makaranta don ki koyo mantuwa ba. Yaron can yana kulle tun kaka, ga shi an yi shuka ba shi. In ya yi abin da aka ce, bakinki ne zai tabbatar. In bai kai haka ba, bakinki ne zai rage masa. Mutanen da suka zo nan, na shaida musu ni gona na sani, ban san asibiti ba. Amma ki sani, wanda ya ɗora wa shaida zuwa, shi ne kuma ya hana a cuce shi. Ki je ki gaya wa alƙali halin da kike ciki. Shi ma mutum ne."

Maganar tsohon nan tana da tushe. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, ta hana shaidu su ƙi amsawa in an kira su, aya ta 283 kuma ta tsananta a kan ɓoye shaida. Wannan kowa ya sani, malamai sukan faɗe shi a wa'azi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ita dai aya ta 282 ɗin ta hana a cutar da marubuci ko shaida. Malaman Malikiyya sun yi bayani har a kan nisan tafiyar da ya wajaba shaida ya yi, da halin da za a ba shi abin hawa in tafiyar ƙafa ta yi masa wuya. Watau tun farko nauyin kashi biyu ne: shaida ya zo, masu kiransa kuma su sauƙaƙa masa zuwan. Har wa yau, ba da shaida da jinyar marasa lafiya duka farillai ne da in wasu suka yi an ɗauke wa saura, amma in babu kowa sai mutum ɗaya, to sun hau kansa shi kaɗai. Wannan baiwar Allah ita kaɗai ta rubuta littafin, ita ce kuma rabin masu kwana a ɗakin maza. Farillai biyu ne suka hau kanta a rana ɗaya, taura biyu kuwa ba ta taunuwa.

Dokokin zamani ma ba su jahilci wannan ba. Dokar 1960 ta ba kotu damar ta karɓi rahoton likita a rubuce game da rauni, don kada a riƙa janye likitoci daga wurin aikinsu. An tuna da lokacin likita, amma ba a tuna da na wadda ta riga shi ganin ciwon ba. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce in an fara shari'a a riƙa yinta kullum, in hakan ya faskara kada kowane ɓangare ya wuce ɗagewa biyar, kada kuma tsakanin zama da zama ya wuce kwanakin aiki 14. Ta kuma yi tanadin biyan shaidu kuɗin ɗawainiyarsu. Jihohi sun bi sahu da nasu dokokin. Abin da ya rage shi ne abin da ke takarda ya sauko kan bencin da shaidu ke zama.

Kafin zama na huɗu, Sista da shugabarta suka rubuta wa magatakardan kotu takarda, suka haɗa da kwafin jadawalin aikin watan. Ranar zaman, da aka buɗe kotu, ta miƙe ta nemi izini ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ma'aikaciyar asibiti ce, daga aikin dare nake, kuma yau da dare zan koma. Wannan ne zuwana na huɗu. Ina roƙon kotu, in da hali, a saurare ni da wuri."

Alƙalin ya dubi takardar, ya dube ta, ya ce shi bai san akwai mai kwanan aiki cikin shaidunsa ba, domin a takardar da ke gabansa suna ne kawai da lamba. Nan take ya sa aka fara da ƙarar. Ta buɗe littafin, ta karanta abin da hannunta ya rubuta, mai gabatar da ƙara ya yi tambayoyinsa, lauya ya yi nasa. Ta ce sara ɗaya ne, a damtse, da ƙarfe mai kaifi, kuma mutumin ya shigo da ƙafarsa. Duka-duka abin bai wuce minti 15 ba. Kafin ƙarfe 10 da rabi tana gida a kwance.

Daga baya kotu ta sami saurayin da laifin yin rauni, ba mummunan rauni ba, aka lissafa masa zaman da ya riga ya yi, aka sa ya biya kuɗin magani. Dangin magidancin sun ji haushi don ba ta ce a ka ba ne, dangin saurayin ma sun ji haushi don ba ta ce karce ba ne. Ba wanda ya zo yi mata godiya. Ta biya mai goyo darenta uku cikin watan da ya biyo, har ta ƙara mata ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, cikin dukan waɗanda abin ya bi ta hannunsu ba mugu ko ɗaya. Alƙali bai sani ba, shugabar ma'aikata ba ta da hannuwa, masinja takarda aka ba shi ya kai. Gidaje biyu ne na gwamnati ɗaya, kowanne da agogonsa, ba mai duban na ɗan'uwansa, sai aka bar mace ɗaya ta cike giɓin da barcinta. Maganar minti 15 ta ci wuni huɗu, ta ci dare uku na wata mai goyo, ta ƙara wa wani yaro watanni a kulle, ta kuma kusa jawo wa marasa lafiya abin da ba su ji ba ba su gani ba.

Gyaran kuwa ba ya bukatar sabon gini ko kuɗi masu yawa. Ya kamata sammacin ma'aikacin lafiya ya riƙa bi ta ofishin shugaban asibiti, a duba jadawali kafin a sa rana. Ya kamata a sa masa lokaci takamaimai, a fara da shi, in kuma an san ba za a zauna ba a buga masa waya tun da dare, tun da yanzu ba wanda ba ya riƙe da ita. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta lissafa ranar kotu a matsayin ranar aiki, kada a sa wanda ya wuni a kotu ya kwana a kan marasa lafiya, a kuma biya shi kuɗin motarsa kamar yadda doka ta tanada. Ƙungiyar ma'aikatan jinya da shugabannin shari'a na jiha za su iya daidaita wannan a zama ɗaya. Su kuma ma'aikatan jinya, musamman sababbin fitowa, su riƙe alƙalami da kyau: lokaci, da wurin ciwo, da girmansa, da halin da aka kawo mutum. Layi huɗu da aka rubuta tsakar dare cikin gajiya su ne suka raba gardamar da ƙauye guda ya kasa rabawa.

Masu wannan aiki ba su ƙi zuwa kotu ba, ba su kuma ƙi kwana a asibiti ba. Abin da suke nema shi ne kada a haɗa musu su biyun a rana ɗaya. Allah ya sa masu iko su duba.